Damina Ta Nuna, Rani Ya Gyara: Yadda Ake Riƙon Gida a Zagayen Shekara

Yawancinmu ba ma tuna gyaran gida sai Sallah ta matso ko biki ya taso. A nan ne za a kirawo mai fenti a gurguje, a shafe zaure da bangon waje, a bar rufin da ke yoyo yadda yake. Ga shi kuwa watan Sallah ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yana gusowa da kimanin kwana 11, bana ya faɗo cikin zafi, bayan 'yan shekaru a same shi tsakiyar sanyi. Gini bai san tsayuwar wata ba. Ruwa ya sani, da rana, da ƙura, da iska, wato lissafin manomi: damina, kaka, hunturu, bazara. Duk mai riƙe da gida a Kano ko Zariya ko Maraɗi da wannan lissafin zai yi aiki, kuma lokacin da ɓarna ke bayyana daban yake da lokacin gyaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Damina, lokacin sa ido

Shekarar maigida daga tsakiyar damina take farawa. In marka ta kankama a watan Agusta, babu aibin da gini zai iya ɓoyewa. Ka tanadi alli da ɗan littafi. Ana tsaka da ruwa ka zaga ɗakuna, duk inda silin ya jiƙe ko bango ya yi tabo ka zagaye shi da alli, ka rubuta. In kana da waya mai ɗaukar hoto ka ɗauka. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, domin zuwa watan Maris tabon ya bushe, kafinta ya zo yana tambayar ina ne ke yoyon, kai da uwargida kuna musu, ita tana nuna kusurwar gado kai kana nuna bayan ƙofa. Ka kuma sani cewa inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan hudar take ba. Sau da yawa yakan shigo daga sama can, ya bi jikin katako, ya gangaro har inda ya sami kwari sannan ya sauka.

Bayan ɗakuna sai ka ɗauki lema ka fita tsakar gida da bayan gida. Ina ruwan rufi yake faɗawa? Ina yake kwanciya? Rariya tana ja ko ta toshe? Mutane suna raina yawan ruwan da rufi ke zubarwa. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce cur. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, ya zubo lita 4,000, durom 20 ke nan na lita 200. In duk wannan a gindin bango yake sauka ya kwana, to harsashin gidan ne ke shanye shi.

Babban gyara ba na damina ba ne. Yaɓe ba ya kamawa a jiƙaƙƙen bango, fenti kumbura yake yi ya ɓare, hawa kwano mai santsi kuma neman karaya ne. Abin da ake yi yanzu tsare gida ne kawai: buɗe rariya bayan kowane babban ruwa, cire ciyawar da ta tsiro a kan soro tun saiwarta ba ta nutsa ba, liƙe huda da kwalta in an sami rana biyu a jere, da kifar da duk abin da ke tara ruwa. Tsohuwar taya, fasasshen tulu, gwangwanin da yara suka jefa kan rufi, ruwan da ya yi mako zuwa kwana 10 a cikinsu ya isa ya ƙyanƙyashe sauro. Ƙyauren katako in ya kumbura yana cijewa, kada a yi saurin sa kafinta ya kankare shi da yawa. Sanyi na zuwa zai tsuke, a wayi gari ƙofa ta bar kafar da ɓera zai wuce.

Abu ɗaya ne ba ya jira. In bangon ƙasa ya jiƙe daga gindi har ya yi laushi ana danna yatsa yana shiga, ko ya turo ciki, ko tsaga ta buɗe cikin kwana ɗaya biyu, ko ana jin ƙasa na zubowa daga rufi, ko azara ta lanƙwaso tana ƙara, a kwashe iyali daga ɗakin a daren, ba da safe ba. Kowace shekara ana jin labarin ɗakin da ya rufta da mutane suna barci, kuma galibi a ƙarshen damina ne, bayan ruwan kwana da kwanaki ya gama ratsa ginin. A tokare bangon da itace daga waje, a rufe kansa da leda ko tamfol, a jira rani.

Kaka

Ruwa ya ɗauke, amma bango bai sani ba tukuna. Bulo da ƙasa sukan ɗauki makonni kafin su saki danshin da suka sha. A buɗe tagogi, a janye kabad da gado daga jikin bango, a fitar da katifu da dardumai su sha rana. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke fitowa a gindin bango gishiri ne da danshi ya ɗauko daga ƙasa. A goge shi da busasshen burushi, kada a wanke da ruwa, don ruwan mayar da shi ciki zai yi.

Wannan ne lokacin farautar gara. Shingen da ya cika fitila bayan ruwan farko ba don yara su kama kawai ya fito ba, sabbin gidaje ya fita nema. Ka bi gindin bango, bayan kabad, jikin firam ɗin ƙofa, ka nemi siririyar hanyar ƙasa da gara ke ginawa. Ka ƙwanƙwasa katako da bayan wuƙa. In ya yi amon holoƙo, an cinye cikinsa an bar maka ɓawo. Karya hanyar kaɗai ba ya magani, sai an bi ta zuwa inda ta fito, an zuba maganin gara a ƙasan, an kuma raba katako da ƙasa. Itacen girki, tsofaffin kwalaye da ragowar katakon gini da ake jinginawa a bango, su ne gadar da take hawa. Kafintoci da yawa baƙin mai suke shafa wa katakon rufi. Yana ɗan taimakawa, amma bai kai maganin katako irin su Solignum ba, kuma ko wanne za a shafa, kafin a ɗora katakon ake yi, har da bakin da aka yanka.

Amfanin gona na shigowa, ɓera na biye. A toshe ramuka da siminti da tsakuwa, a sa raga a bakin rariya, a ɗora buhunan hatsi a kan katako nesa da bango. Ba ɓarnar hatsi kaɗai ake gudu ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Barno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi yaɗuwa.

Mai son fenti, ga lokacinsa: bayan bango ya bushe, kafin ƙura ta sauko. Tazarar gajeriya ce, galibi cikin Nuwamba. In ta wuce, gara a bari sai hazo ya lafa.

Hunturu

A watannin sanyi ba ruwa ne abin tsoro ba, wuta ce. Komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, kowa na neman ɗumi. Gobarar gidaje ta fi yawa a wannan lokacin, kuma sanadinta sanannu ne: hitar dafa ruwa da aka bari a bokitin roba aka ɗauke wuta aka manta, sai a dawo da ita ba kowa; kaskon gawayi kusa da labule; soket guda da aka ɗora wa dutsen guga da hita da firji. Tun farkon Disamba a kira mai wayarin ya duba. Soket ɗin da ya yi baƙi, ko yake ɗumi in an taɓa, ko yake ƙauri, a canza shi. Wayar da aka haɗa da hannu aka naɗe da leda a cikin silin, a cire. Tiyon tukunyar gas a shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa yana zuba ne. Ba a gwada shi da ashana. Bokitin yashi a kusa da madafa ba ya cin kuɗi, kuma kowa a gidan ya san inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya, har yaran da suka yi wayo.

Kaskon gawayi da janareta suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ba a kuma tayar da janareta a baranda ko ƙarƙashin taga don tsoron ɓarawo. A gina masa ɗan keji a fili.

Sai ƙura. Masu sola su ne suka fi jin ta, don farantan kan yi fari fat, caji ya ragu, a yi ta zargin batir. A wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi. A lokacin hazo mako-mako bai yi yawa ba. Batir mai shan ruwa a duba shi duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Ragar taga, fukafukan fanka, bayan firji da matatar na'urar sanyaya ɗaki duk a kakkaɓe su kafin zafi ya zo ya same su a toshe.

Daga ƙarshen sanyi zuwa bazara: babban aiki

Yanzu ne za a buɗe littafin nan na Agusta. A fara da wuri, tun Fabrairu, domin da hadari ya fara haɗowa kowane magini da kafinta yana da gida biyar da ke jiransa, kuɗin aiki ya hau, aikin kuma ya zama na gaggawa. A Kaduna da Zariya ya kamata a ce an gama kafin tsakiyar Afrilu. Kano, Katsina, Sakkwato da Damagaram suna da ɗan ƙarin lokaci, amma ba a jingina da shi. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa jiha-jiha, kuma gidajen rediyo suna karantawa.

A fara daga sama. In rufin kwano ne, a leƙa cikin silin da hantsi a duba inda haske ke shigowa, kowane ɗigon haske huda ce. Wanda zai hau kuwa ya taka kan layin ƙusa, nan ne katako yake a ƙasa. Ƙusar da ta ɗago ba a mayar da ita raminta, don ramin ya riga ya buɗe. A cire, a liƙe, a buga sabuwa mai hula a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba inda ruwa ke bi. A duba hular da ke kan tsororuwar rufi da inda kwano ya haɗu da bango, yoyo ya fi son waɗannan wuraren. Amma abin da aka fi mantawa shi ne ɗaurin rufin kansa. Iskar farkon damina ba ta cire kwano ɗaya-ɗaya, ta gefe take shiga ta ɗaga rufin da katakonsa ta ajiye a gidan maƙwabci. Langalanga ko rodin da ya ɗaure katako da bango shi ne ke riƙe shi. In ya yi tsatsa ko babu shi tun asali, a sa. Jera duwatsu da tayoyi a kan kwano dabarar wanda ya makara ce, ga tara ruwa, ga haɗarin faɗowa kan mutum. Tsohon silin na asbestos kuma in ya fashe, kada a yanka shi ko a farfasa a bushe, ƙurarsa na lahanta huhu. A jiƙa shi a cire shi ɗungurungum.

Rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, abin da ke kashe shi kwanciyar ruwa ne. A share ganye da ƙasar da hunturu ya tara, a zuba bokitin ruwa a ga ko yana gangarawa mafita. In siminti ya ɓare daga ƙasa har rodi ya fito da tsatsa, wannan ya wuce aikin shafe. A nemo injiniya.

Gidan ƙasa shi ya fi bukatar hannu, kuma shi ya fi saka wa mai kula da shi, don babu bulon da zai ba ka sanyinsa a watan Afrilu. Magabata sun gina shi ne da sanin cewa za a riƙa komawa kansa. Dubi hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27: itatuwan da suka firfito a jikinta matakala ce ta masu yaɓe, an bar su ne don aikin ba ya ƙarewa. A kan soro, a fara da indararo. A tabbata bai toshe ba, bakinsa ya zarce bango sosai, kuma ƙasar da ke kewaye da gindinsa ba ta zaizaye ba, don ta nan ruwa ke sulalewa cikin bango ba a gani. Inda ruwansa ke faɗawa a ƙasa a shimfiɗa duwatsu ko a yi daɓe, kada ya haƙa rami yana fantsama wa gini. Sannan rawani da zankwaye, su ne ke karɓar dukan ruwa kafin kowa. Bangon gabas ma a ba shi kulawa ta musamman, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma wannan bangon ya fi sauran cinyewa.

Ƙasar yaɓe ba a kwaɓa ta yau a shafa yau. Ana jiƙa jar ƙasa, a zuba ramno, wasu su ƙara kashin doki ko na jaki, a tattake, a bar ta ta tsima kwanaki ana juyawa. Kafin a shafa, a kankare tsohon yaɓen da ya saki, a yayyafa wa bango ruwa. Tsaga a buɗe bakinta a cusa ƙasa har ciki, ba a lulluɓe ta daga waje ba. Wanda ya sami makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ya sa a shafen ƙarshe, tana sa ruwa ya zame. Laso ya fi ta ƙarko: katsin marina ne ake haɗawa da gashin da majema suka kankare da kuma yauƙin dafara. Masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci yadda marina suka ragu, amma in akwai tsohon magini a unguwa, a tambaye shi. Wata ɓarna da ke faruwa a kan soro ita ce ƙara sabuwar ƙasa kowace shekara ba tare da an rage tsohuwa ba. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma nauyi yana karya ta, balle ƙasar ta sha ruwa.

A ganina babu abin da ya cuci gidajen ƙasa kamar filastar siminti. Tana da kyan gani shekarar farko. Amma siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, sai filastar ta tsage, ruwa ya shiga bayanta ya rasa hanyar fita, ƙasa ta narke a ɓoye. Ranar da ɓawon zai faɗo, sai a tarar da rabin kaurin bango ya tafi. Wanda ya riga ya yi, ya riƙa ƙwanƙwasawa yana saurare, inda ya ji holoƙo ya fasa ya gyara. Inda siminti ke da amfani a gidan ƙasa shi ne dakali ko daɓe mai gangare a gindin bango, wanda zai kori ruwa waje.

A gidan bulo, tsaga iri biyu ce. Siraran nan masu kama da gashi a fuskar filasta ba abin damuwa ba ne. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta fi faɗi a gefe ɗaya, ko ta ratsa har ɗaya fuskar bangon, ita ce ke nuna harsashi na motsi. A ɗana mata ɗan siminti a kan tsagar a rubuta kwanan wata. In ya fashe bayan 'yan makonni, tana ci gaba, kuma cike ta asarar kuɗi ne sai an gano dalili. Sau da yawa dalilin bai wuce bututun da ke zuba a ƙarƙashin ƙasa ba, ko saiwar cediya ko durumi da aka bari kusa da gini. Wajen filasta, kwano ɗaya na siminti a huɗu zuwa shida na yashi mai tsabta, kuma a yi ta ba ta ruwa safe da yamma har kwana 7. Cikin zafin bazara filastar da ba a shayar ba ƙonewa take yi, ta riƙa zuba kamar gari. Simintin da za a ajiye a ɗora shi kan katako, kuma kada a saya da niyyar ya kwana damina.

Daga nan sai ƙasa. Ƙarshen rani ne lokacin yasar rijiya, ruwa ya ja baya. A gyara bakinta ya ɗago sama da ƙasa, a yi mata murfi. Kafin mai yasa ya shiga a zura fitila mai ci, in ta mutu babu iskar shaƙa a ciki. Ba a kuma saukar da injin fetur cikin rijiya. Masai da sokawe a kwashe su yanzu, kafin ruwa ya cika su su tumbatsa cikin tsakar gida. Su kam ba a kai musu wuta kusa, iskarsu tana kamawa, kuma ba a barin kowa ya shiga. A duba murfin shadda da kyau, wanda ya tsage a sake shi. Masana tsafta suna son a sami tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A filayen birni na yanzu da wuya a samu, shi ya sa amai da gudawa ke tashi da damina, shi ya sa kuma ruwan irin wannan rijiyar sai an tafasa ko an sa masa sinadarin kulorin. Tankin roba a zubar da ragowar ruwansa a wanke gansakuka, bututun da rana ta gasa har ya yi fari a canza ko a rufe shi.

Rassan darbejiya da mangwaro da suka haye kan rufi a sare su kafin iska. Wanda ya kusanci wayar lantarki ba aikin yaron unguwa ba ne, a sanar da ma'aikatan wuta.

Kwatar ƙofar gida ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Ka yashe taka tas, in ta maƙwabcin da ke gangare cike take da ledar fiyawata, ruwan gidanka zai dawo. A unguwannin da aka cike kududdufai aka yi gini a kansu abin ya fi tsanani, don ruwan bai da sauran wurin zuwa sai lungu. A yi magana da mai unguwa tun watan Afrilu a sa ranar gayya, ko a haɗa da Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. A kuma yi karo-karon kuɗin baro ko motar da za ta kwashe abin da aka fitar a ranar, domin dattin da aka tara a bakin kwata ruwan farko ne zai mayar da shi ciki.